Salansar Bindiga da Kunnen Maharbin Gubuchi

Duk wanda ya san Kawu ya san ta hannun damansa ake zama. In ka zauna ta hagu, sai ka yi ta gaisuwa har maƙogwaronka ya bushe, shi kuwa yana can yana ɗinkin jakarsa ta fata, bai ma san kana yi ba. Mu da muka tashi a gabansa a ƙasar Gubuchi, cikin ƙaramar hukumar Maƙarfi, mun ɗauka tsufa ne kawai. Sai da na girma na fara lura da cewa yawancin tsofaffin maharban da na zauna da su, daga wajenmu har Ikara da Hunkuyi, haka suke karkato kai in ana magana, su miƙo maka kunnen dama, su kau da na hagu. Ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba. Bindiga suka haɗa.

Abin da ya tayar mini da wannan magana shi ne tambayar da ɗan Kawu ya yi mini bayan an gama girbi, lokacin da masu farauta suka fara gyaran kayansu. Shi ya gaji bindigar tsohon. Ya ga wani hoton Turawa mafarauta da wani dogon bututu baƙi a bakin bindigoginsu, aka ce masa salansa ce, tana kashe ƙara. Sai ya ce, Yaya, tunda ka yi boko, wace iri ce mai ƙarko, wadda za ta jure yawan harbi, kuma mutum ya iya ɗaura ta a kan kowace bindiga? Ba neman fitina yake yi ba. Yaron ya ga yadda mahaifinsa ya ƙare, yana tsoron kunnensa. Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, ko da amsar ba ita ce wadda yake so ya ji ba.

Mu fara da abin da bindiga ke yi wa kunne. Masana na auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Ma'aikacin da zai wuni awa takwas a cikin ƙarar da ta kai 85, kamar mai tsaron injin niƙa, ya riga ya shiga haɗari. Ƙarar da ke zuwa farat ɗaya kuwa, an yi mata iyaka a 140 ga baligi, abin da ya wuce nan yana iya yin ɓarna ko da sau ɗaya aka ji shi. Harbin bindigar farauta yakan kai tsakanin 150 da 170. Kada tazarar 140 da 160 ta ruɗe ka ka ga kamar kaɗan ce, domin ma'aunin ba kamar na mudu ba ne. Ƙarin desibel uku kacal na nufin ƙarfin sautin ya ninka.

Mutanenmu suna cewa ƙara ta fasa dodon kunne. Yana faruwa, amma dodon kunne sau da yawa yakan warke da kansa. Ɓarnar da ba ta warkewa tana can ciki, a wani ɗan gurbi mai siffar katantanwa, inda wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. In suka mutu, sun mutu ke nan, ba sa sake tsirowa. Waɗanda ke jin siraran sautuka su ke fara tafiya. Shi ya sa tsohon maharbi zai ji rugugin hadari daga nesa, ya ji babbar mota tana wucewa a titin Zariya zuwa Kano, amma jikarsa ta tsaya a gabansa tana magana ya kasa gane abin da take cewa. Sai a ce ya zama mafaɗaci, ko yana jin abin da ya ga dama. Kunnen hagu kuwa, dalilinsa a fili yake. Mai harbi da dama yana kwantar da kuncinsa na dama a jikin bindiga, kansa da kafaɗarsa su kare kunnen dama, na hagu ya fuskanci bakin bindigar. Likitocin kunne a ko'ina sun san wannan alama.

Na tuna wata safiya ta hunturu da na bi Kawu gefen fadama, ina yaro, ina riƙe masa gora. Ya ɗura bindigarsa tun a gida, ya zuba albarushi, ya danna tsumma da ɗan sandan ƙarfe, ya zuba harsashi, ya sake dannawa. Muka laɓe a bayan rake har zabin daji suka fito kiwo. Da ya ja kunama, hayaƙi ya rufe mu, na ji kaina ya yi ɗim, duniya ta yi tsit kamar an tsoma ni cikin randa. Ina ganin bakinsa yana motsi, yana nuna mini inda zabon ya faɗi, ba na jin komai sai wani siririn kuka a cikin kunne. Har muka iso gida kukan bai daina ba. Da na gaya masa, ya yi murmushi ya ce haka take yi wa kowa, in ka saba sai ka daina ji. Gaskiya ya faɗa, sai dai abin da yake kira sabo, shi ne kurumtar da kanta.

Salansar bindiga tana da tarihin da ya taɓa ƙasarmu ta inda ba a zata ba. Wani ɗan Amurka da ya koma Ingila da zama, Hiram Stevens Maxim, shi ne a 1884 ya ƙera bindiga mai sarrafa kanta, mai cin jigidar harsashi, wadda ake sanyaya ta da ruwa. Irinta rundunar Turawan mulkin mallaka ta ɗauko lokacin da ta tashi daga Zariya a farkon 1903, ta fasa Bebeji a hanya, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Da ita aka fuskanci mahaya dawakin Sakkwato a watan Maris, da ita aka yi yaƙin Burmi a watan Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. Shi Maxim ɗin, shekarun da ya yi yana gwajin bindigoginsa sun cinye masa kunne, ya tsufa yana kurma, ya mutu a Landan a 1916. Ɗansa na cikinsa, Hiram Percy Maxim, shi ya fito da salansar bindiga kasuwa, aka ba shi takardar mallakar fasaharta a 1909. Shi ɗin dai ya yi aiki a kan rage ƙarar injuna, don haka ba kuskure mutanenmu suka yi ba da suka kira ta da sunan abin da ke jikin babur. Aikinsu iri ɗaya ne, a tare iska mai zafi da ke fitowa da ƙarfi, a bar ta ta huce ta fita a hankali.

Fina-finai sun yi wa mutane ƙarya a kanta. A fim za ka ga an yi harbi, an ji ɗan fit kamar an buɗe lemon kwalba, na ɗakin kusa bai farka ba. A zahiri, salansa mai kyau tana rage desibel 20 zuwa 35 ne. Babbar bindiga mai ƙarar 165 za ta dawo wajen 135 ko 140, wanda har yanzu ya fi ƙarar injin matsar rake nesa ba kusa ba. Harsashin da ya fi sauti gudu kuma yana da nasa tsawar da yake yi a cikin iska, salansa ba ta da iko da ita. Shi ya sa ko masu amfani da ita da yawa ba sa barin abin toshe kunne.

A ƙasashen da abin ya zama ruwan dare, tambayar ɗan Kawu tana da amsa sananniya. A Finland da Norway mafarauta da yawa suna sa ta, ana ganin hakan kula ne da kunnen mutum da na karensa da na maƙwabta. A Ingila masu harbin barewa da lasisi sun daɗe suna amfani da ita. Amurka ta sa ta cikin dokar makamai ta 1934, da rajista da harajin dala 200, kuɗin da a wancan zamani ya fi ƙarfin talaka. Rundunar sojan kundumbala na ruwa ta Amurka ta fara raba wa dakarunta na ƙasa salansa a 2020, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda kukan kunne shi ne larurar da tsofaffin sojojin ƙasar suka fi karɓar diyya a kanta. A can, mai neman wadda za ta jure wahala yana duba ƙarfen da aka yi ta da shi, domin zafi ne babban abokin gabarta. Harbi a jere yana sa ta yi zafin da zai ƙona hannu nan take. Ta alminiyom ba ta da nauyi, amma ba ta jure wuta. Ta titaniyom tana da sauƙin ɗauka, mafarauci mai yawo ya fi son ta, sai dai yawan zafi yana cin ta. Wadda aka yi da baƙin ƙarfe marar tsatsa ko gaurayen ƙarfen da ake kira Inconel, irin wanda ake sawa a injin jirgin sama, ita ce mai ƙarko, ita ce kuma mai nauyi da tsada. Batun ɗaura guda ɗaya a kan bindigogi daban-daban kuma yana da iyaka, wadda aka yi wa babban harsashi tana iya karɓar ƙarami, amma ƙarama ba ta karɓar babba, kuma ko yaya ta karkace daga saitin bakin bindiga, harsashi zai doke ta. Duk wannan aikin masana'anta ne mai awo na ƙwarai da gwaji, a ƙarƙashin idon hukuma.

Wannan shi ne labarinta a inda take. Ga ɗan Kawu kuwa, na ce masa ya cire ta daga ransa, kuma ina da dalilai.

Bindigar da ke hannunsa ita ce dalili na farko. Bindigar toka ce, wadda wasu ke kira baushe, matasa kuma ke ce mata harba-ka-ruga saboda harbi ɗaya take yi sai an sake ɗuri. Turawa suna kiranta da sunan mutanen Denmark, don fataken ƙasar na cikin waɗanda suka riƙa sauke irinta a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani yankinmu, ta bar ƙofa ga irin wannan ta ɗuri, maƙeranmu kuma suka ƙware wajen ƙera ta. Bindiga ce mai fitar da hayaƙi da toka da tsumma da tarkacen harsashi gaba ɗaya. Duk wanda ya je wajen maƙeri ko mai walda ya ce a liƙa mata wani bututu a baki, bam ya haɗa wa kansa. Ko ba a liƙa mata komai ba, wa bai san maharbi mai guntun yatsu ba? Bututun da ba don wuta aka yi shi ba, da tsatsar da ta ci shi ta ciki a damina, da zuba albarushi fiye da kima don a burge abokai, su ke fasa bindiga a hannun mai ita. Ƙarkon da ya kamata maharbinmu ya nema yana nan, a jikin bindigar kanta. Ya wanke ta bayan kowace fita, ya ajiye ta inda laima ba ta kaiwa, ya kai wa tsohon maƙeri ya duba kafin lokacin farauta, in an ce ta gaji ya haƙura da ita.

Sai doka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai na ɗuri irin na maharbanmu, da Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Kayan makamai kuma ba sa shigowa ƙasar bisa halal sai da takardar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Maharbin ƙauye da aka tare a shingen bincike da salansa a jaka ba zai samu wanda zai saurari bayanin kunnensa ba. Mun ga abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris na 2025, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Kano da ke komawa gida yin Sallah, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Mutumin da zargi ke bin sa da bindigar gado ma, bai kamata ya ƙara wa kansa abin da zai sa a ce masa makashi ba.

Dalili na uku shi ya fi nauyi a wajena. A ƙasarmu ƙarar bindiga saƙo ce. Da ita ake shelar ganin wata a garuruwan sarakuna. Ranar hawan Sallah da hawan Daushe a Zariya, in ka ji ta tashi hayaƙi ya turnuƙe, ka san Sarkin Zazzau ya taso. Waɗannan masu harbi na fada su aka sani da 'yan bindiga tun kafin sunan ya koma kan masu satar mutane, abin da har yau nake jin ciwonsa. A ƙauye kuwa, a waɗannan shekaru na rashin tsaro, harbi ɗaya da tsakar dare yana tada unguwa, mata su kwashi yara, maƙwabtan ƙauyuka su shirya. Wanda ya zo da mugun nufi shi ne mai son harbinsa ya ɓoyu, ko a kasa gane ta inda ya fito. A jiharmu ta Kaduna da ta ga abin da ta gani a Birnin Gwari da Giwa, ba zan taɓa kiran a buɗe wa wannan na'ura ƙofa ba. Abin da ya dace da dajin Finland, inda kowace bindiga ke da rajista da sunan mai ita, bai dace da mu ba a halin da muke ciki.

To, sai a bar kunnen yaron ya bi na ubansa? A'a. Maganin ya fi salansa araha, ba ya buƙatar lasisi, kuma ya dace da kowace irin bindiga, daga baushe har ta soja. Akwai ɗan soso mai laushi da ake murzawa a cusa cikin kunne ya kumbura ya toshe shi, irin wanda ma'aikatan masana'antu da na filin jirgin sama ke sawa. In an sa shi daidai, ragin da yake yi ya kusa na salansa. Akwai kuma marufin kunne mai kama da na sauraron waƙa, wanda ya fi ƙarko, ana shekaru da shi. Wanda ya haɗa biyun ya fi samun kariya. Ana samun su wajen masu sayar da kayan kariyar ma'aikata a manyan garuruwa. Auduga ko tsumma da wasu ke cusawa ba sa tare abin kirki.

Na san abin da maharba za su ce, Kawu ma ya sha faɗa, cewa maharbi da kunne yake farauta. Motsin gyazbi a cikin rake, kukan makwarwa, takun abokin tafiya, in ka toshe kunne ka zama makaho. Maganar tana da ƙarfi, ba kuma zan raina ta ba. Amma mai kwanton ɓauna yana da lokacin da zai tura soso a kunne kafin ya ɗaga bindiga, ko da na hagu kaɗai ne. Ranar gwajin sabuwar bindiga, da ranar harbin biki ko hawa, inda mutum zai yi harbi goma sha a jere abokansa na yi a gefen kansa, babu wani naman da ake saurare, babu uzuri. Akwai ma marufi mai batir da ke ƙara ƙarfin ƙananan sautuka ya datse manya, yana da tsada ga mutum ɗaya, amma ƙungiya tana iya saya. Kuma maharbin da ya ƙi kare kunnensa don ya ji motsin nama, nan da shekara ashirin ba zai ji motsin ba ko ya buɗe kunnen.

Wannan ba matsalar maharba kaɗai ba ce. Duk wanda ya je inda ake dafa mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi ya ga samari suna wuni a gindin injin matsar rake, suna magana da ihu. Haka masu injin niƙa da masu walda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan 430 ne ke fama da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma mafi yawansu suna ƙasashe masu tasowa irin tamu. Amma 'yan banga da maharban da al'umma ta jingina da su wajen tsaro, su ne kunnensu ya zama na kowa. Mai gadin gari da ba ya jin takun babur daga nesa, garin ne ya kurumce.

Abin takaicin shi ne gwanayen suna kusa da mu. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa tana cikin garin Kaduna tun 1999. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. A Maƙarfi kanta akwai makarantar kimiyyar lafiya ta Shehu Idris, mai yaye ma'aikatan lafiyar da ke komawa ƙauyuka. Kowace ranar 3 ga Maris ana bikin Ranar Ji ta Duniya, kuma tana faɗowa ne a tsakiyar rani, daidai lokacin da farauta ta kankama. Ina roƙon waɗannan cibiyoyi su fito da na'urar awon ji zuwa Gubuchi da Ikara da Kudan a irin wannan rana, su bi ta hannun hakimai da Sarkin Baka na kowane gari, domin maharbi ba ya jin maganar baƙo sai ta bakin shugabansa. Hukumar 'yan sintiri ta jihar Kaduna da ke raba wa ma'aikatanta kaki da takalma, ta haɗa musu da abin kare kunne. Shugabannin ƙananan hukumomin uku kuma, kuɗin da za su saya wa kowane ɗan banga soson kunne bai kai na taron siyasa guda ba.

Kai kuma mai karatu da ke da maharbi a gida, ga alamomin da za ka duba. Kukan kunne da ba ya dainawa, ƙure muryar rediyo, yawan cewa a maimaita, kasa bin hira a kasuwa ko wajen ɗaurin aure. In bayan harbi kunne ya toshe bai buɗe ba, ko jini ko ruwa ya fito, a kai shi asibiti a ranar, kada a ɗiga masa mai ko ruwan ganye. Wanda jinsa ya riga ya ragu, akwai na'urar ƙara ji, kuma abin da ya saura masa ya cancanci a tsare.

Kawu yanzu ba ya jin kiran sallar asuba, ga masallaci a ƙofar gidansa, sai jikarsa ta taɓa masa ƙafa. Ni kuwa na kai wa ɗansa soson kunne da marufi guda daga Zariya kafin su fita farautar bana, na kuma roƙe shi ya nuna wa abokan tafiyarsa. In kana da ɗan'uwa mai riƙe da bindiga, kai ma ka saya ka kai masa tun kafin rani ya shigo.